Su suna addu'a, mu muna sayar da kan ungulu

'Yan uwana mazauna Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago. Yau maganata za ta ɓata wa wasu rai, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kowace shekara daga 1 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba, Kiristoci da dama a duniya suna ware lokaci don yin addu'ar kare halittun Allah, tun daga tsuntsaye da namun daji har itatuwa da kifaye. Shugaban cocin Otodoks da ke Istanbul, Dimitrios, shi ya fara sa ranar a 1989, Fafaroma Francis kuma ya shigar da Katolika a 2015. Ina jin wasu daga cikinmu a majalisa suna yi wa abin dariya, wai aikin banza ne, mutane na fama da tsadar gari ana roƙa wa tsuntsu lafiya. To ni na ce dariyar nan a kanmu take.

Ku tambayi dattawan mahauta. A da, duk inda ake yanka a ƙasar Hausa sai ka ga ungulu ta cika bishiya. Yau ka je abbatuwar Oko-Oba, inda ake yanka shanu kullum, ka ɗaga kai ka ƙirga nawa za ka gani. A 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ungulun nan tamu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Babban dalili a Nijeriya shi ne farautarta don tsibbu: ana neman kanta da ƙafarta da ƙwanta. Kuma mu daina ɓoye-ɓoye, cikin masu kawo kayan daga arewa su sayar a kasuwannin kudu akwai namu. Dokar hana cinikin irin waɗannan dabbobi tana nan tun 1985, amma wa ya damu?

Mai cewa me ruwanmu da ungulu, ya dubi Indiya. Can maganin shanu mai suna diclofenac ya kashe kusan duk ungulayensu kafin a hana shi a 2006. Mushe ya rasa mai ci, karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Ungulu ma'aikaciyar tsafta ce da ba ta karɓar albashi, kuma talaka ne ke biyan kuɗin asibiti idan ta tafi.

Maƙwabtan namu ba a kan addu'a suka tsaya ba. Ƙungiyar Kirista ta A Rocha, wadda aka kafa a Fotugal a 1983, tana aikin kare daji a Ghana da Kenya. Mu kuwa da muke alfahari da addininmu, me muka yi? Manzon Allah (SAW) ya keɓe filin Naƙi'i kusa da Madina ya zama hurumi. Kowane ɗan makarantar allo ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Ilimin muna da shi, aikin ne babu.

Ban ce kowa ya shiga coci ba, kar a juya min magana. Cewa na yi limamanmu su ɗauki huɗuba guda su faɗa wa jama'a cewa kashe ungulu don asiri haramun ne ta fuska biyu, ga ɓarna ga shirka. Sarakunan Hausawa da sarakunan fawa su hana saye da sayar da ita a zangonmu. Masu maganin gargajiya su saurari Gidauniyar NCF da ke Lekki, wadda ta daɗe tana kiran a koma ga saiwa da ganye. Iyaye kuma su karɓe danƙo daga hannun yara.

Wanda ya ga ba daidai na faɗa ba, ya kawo hujjarsa. Allah Ya sa mu gane, amin.