Sharhi: Gidaje Masu Rahusa Da Makomar Gonakin Gubi

Duk wanda ya bi hanyar Ningi daga birnin Bauchi zai ga yadda gari yake miƙewa arewa. Wuraren da aka saba gani da dawa da gero da gyaɗa, yau turakun siminti ne da tarin bulo da harsashin gini. Mazaunin dindindin na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Gubi, da filin jirgin saman da aka gina a Durum zamanin Gwamna Isa Yuguda, su ne suka ja hankali zuwa wannan yanki. Arahar fili kuma ta ƙarasa aikin.

Buƙatar muhalli a Bauchi ba abin musu ba ce. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1976 jama'a ke kwararowa, kuma ƙidayar 2006 ta nuna kusan mutum rabin miliyan a ƙaramar hukumar Bauchi kaɗai. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba zai iya fuloti a tsakiyar gari ba. Gwamnatin Bala Mohammed ta ƙaddamar da gina gidaje 2,500 a faɗin jihar, kaso mafi tsoka a Dungal da ke hanyar Jos. To amma akasarin masu neman matsuguni ba ta wannan ƙofa suke shiga ba. Wurin dillali suke zuwa, su sayi awon igiya, su riƙa gini kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da aljihu ya bari.

Abin tambaya shi ne dalilin da ya sa filin ƙauye yake da araha. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon ayyana wurin da ya zama birni. Filin karkara yana ƙarƙashin ƙaramar hukuma ne, amma da zarar an ayyana shi a matsayin birni, sai ya koma hannun gwamna. Idan hukuma ta karɓi gona domin amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta amfanin gona ce da bishiyoyi da gine-gine, ba ta darajar ƙasar ba. Manomin da ya san haka yakan gwammace ya sayar wa dillali tun da wuri, ko da a wulaƙance, kafin ma'aunan gwamnati su iso. Kuɗin kan tafi a biki ko babur ko rabon gado, gonar kuwa ba ta dawowa. Wani ɓangare na rahusar da mai sayen fuloti ke murna da ita, manomi ne ya biya ta.

Gubi ta bambanta da sauran ƙauyukan da birni ya haɗiye, domin madatsar ruwanta, mai ɗaukar kimanin kubik mita miliyan 38, ita ce babbar hanyar samun ruwan famfo a Bauchi. Ruwan saman da ya sauka a gonaki da duwatsun yankin shi ne ke gangarawa cikinta. Ƙasar da ke da shuka da bishiya tana shan ruwa ta sake shi a hankali. Unguwar awon igiya kuwa, wadda ba ta da magudana ko wurin zuba shara, kowane gida da masansa, tana tura yashi da ƙazanta zuwa rafi. Yashin yana cike madatsa, ƙazantar kuma tana ƙara kuɗin maganin tace ruwa. Daga ƙarshe mazaunin Wunti ko Jahun, wanda bai taɓa taka Gubi ba, shi zai ƙara wa 'yan ga-ruwa kuɗi. Jihar ta ci bashin Bankin Duniya domin gyara matatar ruwa da shimfiɗa bututu, kuma wannan jari ba zai yi ƙarko ba idan aka bar tushen ruwan ya lalace.

Ƙarfin ruwan yankin ma ba ɓoyayye ba ne. A watan Agustan 2019, bayan ruwan sama mai yawa, gadar ƙafa ta karye a harabar jami'ar da ke Gubi, ɗalibai suka rasa rayukansu.

Birnin New York na Amurka ya fuskanci irin wannan zaɓi. A 1997 ya ƙulla yarjejeniya da ƙauyukan da ruwansa ke fitowa, inda yake sayen fili daga masu son sayarwa, yana kuma tallafa wa manoma su kiyaye rafuka, maimakon gina matatar da za ta ci biliyoyin dala. Bauchi ba ta da irin wannan arziki, amma shata iyaka a kewayen madatsa da fadamu da burtali ya fi buƙatar ƙudurin hukuma a kan kuɗi.

Hana gini gaba ɗaya ba mafita ba ce, kuma rashin adalci ne a hana ɗan Gubi sayar da abin da ya gada alhali na cikin gari yana cin ribar nasa. Abin da ya fi dacewa shi ne a tattara gine-gine kusa da titi da ƙofar jami'a, a bar gangaren madatsa ga noma. Ɗalibai da ƙananan ma'aikata ɗakin haya suke nema kusa da aji da wurin aiki, kuma benen haya guda zai ɗauki mutanen da fuloti goma ba za su ɗauka ba. Tun bayan janye tallafin mai a 2023, gidan da ke nesa da titi ya daina zama mai araha, domin abin da aka rage a haya ana biyan sa a kuɗin mota.

Haka kuma za a iya mayar wa manomin da aka karɓi gonarsa wani kaso na fulotan da aka yanka, da takardar shaidar mallaka, ya zama mai gidan haya a garinsu. Wannan na buƙatar hakimai da dagatai, waɗanda su ne shaidun cinikin gona a karkara, su zauna da hukumar tsara birane kafin a ja igiya. Unguwar da aka riga aka gina, fitar mata da titi da magudana sai da rusau da sabuwar diyya.