Ilimin Da Aka Kulle A Adaka Rabon Gara Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, wannan magana ce zuwa ga malamai ma'abota alƙalami da tawada, da attajiran Sabon Gari, da masanan Samaru, a kan ajiyar ilimi da bayar da shi.

Sanannen abu ne cewa magabata ba su san rowar littafi ba. Almajiri ya kan ari littafin malaminsa ya kwafe shi da hannu, ya rubuta sunansa a ƙarshe, wani ya kwafa daga nasa. Ta haka ne wallafe-wallafen Shehu Usmanu da Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello suka wanzu har yau. Littafin da ya zauna a hannun mutum ɗaya kuwa, gara da gobara da ɗigar damina su ne magadansa.

Masanan boko sun bi wannan sawu. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru cikin 1962, kuma a 1964 aka kafa shirin binciken tarihin Arewa ƙarƙashin Abdullahi Smith. Aka shiga garuruwa ana neman rubuce-rubucen Larabci da na ajami, ana ɗaukar hotonsu domin ajiya. Waziri Junaidu na Sakkwato ya buɗe taskarsa ga Murray Last, har littafinsa na tarihin Daular Sakkwato ya fito a 1967. Da Waziri ya rufe ƙofa, da an yi hasarar alheri mai yawa.

Amma fa aro yana da haƙƙi. Malam Umaru Falke na Kano, malami kuma fatake, ya rasu a 1962, ya bar rubuce-rubuce fiye da 3,000. Yau suna Jami'ar Northwestern a ƙasar Amurka. Lalle an tsare su daga gara, sai dai almajirin Zazzau ba shi da guzurin zuwa can. Haka nan masani zai zauna a zauren malami ya kwashi bayani, ya buga maƙala a mujallar Turai wadda sai da kuɗi mai tsada ake karanta ta, mai zauren kuwa ko shafi ɗaya bai gani ba. Wannan ba adalci ba ne. Domin maganin irin wannan ne masana suka yi kira daga birnin Budafes a 2002 cewa a buɗe sakamakon bincike kyauta ga kowa a intanet. Jami'ar Samaru ma ta buɗe rumbun intanet mai suna Kubanni, inda ake ajiye kundayen ɗalibai.

Saboda haka abu uku ya wajaba. Na farko, masani ya ajiye hujjojinsa tare da maƙalarsa, watau hotunan takardu da muryoyin da ya ɗauka da alƙaluman da ya ƙirga, a inda wani zai iya dubawa. Maganar da ba ta da isnadi ba a gina hukunci a kanta, kuma ɗan kasuwa ya san bashin da ba a rubuta ba shi ke kawo husuma. Na biyu, a mayar wa mai littafi kayansa da kwafinsa, a ambaci sunansa, a fassara masa abin da aka gano da Hausa, kuma asirin gidan da bai yarda a bayyana ba a bar shi a rufe. Na uku, malamai su yarda a ɗauki hoton abin da suka gada tun yana karantuwa. A Janairun 2013 an ƙone dubban littattafai a cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu, waɗanda aka riga aka kwashe zuwa Bamako kuwa suka tsira. Rigakafi ya fi magani.

Attajirai kuma ga ƙofar sadaka mai gudana. Wanda ya biya ladan mai ɗaukar hoto, ko ya saya wa makarantar allo akwatin ƙarfe da na'urar ajiya, ya gina rijiyar da ba ta ƙafewa.

Allah Ya ba da ilimi mai amfani, Ya tsare shi daga tozarta. Haza wassalam.