Baƙin Hunturu na Dagona

Kowane yaro a Potiskum ya san ba a jifan shamuwa. Baƙuwa ce mai alfarma, da ta sauka manomi sai ya gyara fartanya. To, jama'a, akwai waɗansu baƙin da ba mu kula da su haka ba.

In hunturu ya kama, dubban tsuntsayen bakin ruwa da agwagin daji sukan baro sanyin Turai, su ƙetare hamada, su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, musamman tafkin Dagona na ƙasar Bade, nan Jihar Yobe. Abincinsu tsutsa da ƙwari ne, cikin taɓon da ambaliya ta bari. Ambaliyar nan kuwa ita ce ke rayar da shinkafar Badawa da kifin masunta.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwan ya ragu, kachala kuma ta toshe hanyoyinsa. An sa fadamun cikin yarjejeniyar Ramsar a 2000, amma sa hannu a takarda bai jiƙa ƙasa ba.

Roƙona ga Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta riƙa sako ruwan madatsun nan a tsakiyar damina, kowace shekara.