Ƙafar manomi da ɗakin ajiya: aikin lafiya da ya faɗi tsakanin ofisoshi biyu

Yau ba zancen iri ko taki za mu yi ba. Zancen ƙafarka ne, da abin da ke ajiye a ƙarƙashin gadonka.

A daminar bara, wani manomi da nake kai wa ziyara ya sare ɗan yatsan ƙafarsa da fartanya ana tsakiyar noman farko. Ya barbaɗa ƙasa, ya shafa baƙin mai, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da aiki. Kafin mako ya zagayo ƙafa ta kumbura, ba ya iya takawa. Ya yi jinyar kusan wata guda. Da ya miƙe, ciyawa ta riga ta shanye masarar, kuɗin takin da ya tanada kuwa ya tafi wajen magani. Ciwon da ruwa da sabulu da allura ɗaya za su tare, shi ya cinye masa damina.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: wa ke da alhakin faɗa wa manomi wannan? Mu malaman gona mukan ce aikin asibiti ne. Ma'aikacin lafiya na asibitin mazaɓa kuma hankalinsa na kan rigakafin yara, awon ciki da zazzaɓin cizon sauro, kuma da gaskiyarsa, can ne ake tambayarsa lissafi. Sai ƙafa da haɗurran cikin gida suka zama marayu.

Ba wai babu tsari ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A 2018 hukumar NPHCDA ta ƙaddamar da shirin CHIPS, na masu bin gida-gida suna wayar da kai. Akwai kuma kwamitocin ci gaban mazaɓa da ke sa ido kan ƙananan asibitoci. Hanyar isa ƙofar gidanka tana nan. Abin da ya rage shi ne a ɗora mata wannan saƙon.

Mu fara da maciji. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. A ƙasarmu kububuwa ce ta fi yin ɓarna, musamman a Gombe, Filato, Taraba da Bauchi, shi ya sa asibitin saran maciji na Kaltungo da na Zamko a Langtang ba sa rabuwa da majinyata lokacin noma da girbi. Dafinta yana hana jini daskarewa, har ka ga dasashi na zubar da jini. Kuma ina ta fi sara? Ƙafa da idon sawu. Ke nan dogon takalmin roba ba ado ba ne, kayan aiki ne kamar garma.

Na san abin da za ka ce: takalmin da zafi, da nauyi, ga tsada. Gaskiya ne. Amma auna kuɗinsa da na allurar kashe dafi, wadda sau da yawa kwalba ɗaya ba ta isa, ka haɗa da kuɗin mota tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. In ba za ka iya sa shi wuni guda ba, to sa shi lokacin da haɗari ya fi yawa: sassabe, ɗaga dami, kwasar kara, da tafiyar dare. Ka riƙa zazzage shi kafin ka zura ƙafa, don kunama ma na son inuwa.

In tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure ƙafar tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. Baƙin dutse ba ya zuƙe dafi. A cire zobe da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Awannin da ake ɓatawa ana gwada wannan da wancan su ne ke kashe mutane.

Sai ƙananan raunuka: ƙaya, ƙusa, tsinin kara, faso da kaushi. Ƙwayar cutar tetanus, mai sandarar da jiki ta kulle muƙamuƙi, tana zaune ne cikin ƙasa da kashin dabbobi, wato daidai inda muke aiki. Matanmu kan sami allurarta wajen awon ciki, maza kuwa da yawa rabonsu da ita tun yarinta. Ka wanke ciwo da ruwa mai tsabta da sabulu, ka rufe, ka je a duba ko kana buƙatar allura. In kana da ciwon suga, abin ya fi haka: ƙafa kan mutu da ji, ƙaya ta shiga ba ka sani ba, ciwo ya ƙi warkewa har a kai ga yankewa. Duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu kowane dare, ko ka sa ɗanka ya haska maka da tocila.

Yanzu mu shiga cikin gida, nan ne laifinmu mu malaman gona ya fi fitowa. Mun koya maka feshi, ba mu koya maka ajiya ba. Sau nawa na ga ragowar maganin ƙwari a cikin robar lemo, a jingine kusa da randa? Yaro ɗan shekara biyu ba ya karatu, kwalba kawai ya sani. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari irin su Sniper, amma doka ba ta shiga ɗakin kowa. Ka bar magani cikin mazubinsa na asali, a kulle, nesa da abinci. In yaro ya sha magani ko kananzir, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A garzaya asibiti tare da kwalbar, don ita za ta gaya wa likita abin da zai yi.

Haka ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake da masara. Iska mai guba take fitarwa, saboda haka buhun da aka sa wa ita ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutane. Buhun PICS mai ninki uku yana kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska, ba tare da magani ba. Ka kuma tuna hatsi na jawo ɓera, ɓera na jawo maciji: share ciyawa da tarkace a gefen rumbu, a rufe bakin rijiya, a rataye lauje da adda inda hannun yaro ba ya kaiwa. Janareta a waje, jarkar fetur nesa da murhu.

To ina mafita? Ba sai an jira Abuja ba. Duk taron da ƙungiyarku za ta yi kafin shuka ko kafin girbi, ku gayyato ma'aikacin lafiya na mazaɓa ya yi minti goma sha biyar. In kuna haɗa kuɗin taki, ku sa takalma cikin lissafi, sari ya fi sauƙi. Ku tambayi kwamitin mazaɓarku tambaya ɗaya tak: wane asibiti ne mafi kusa da ke da allurar dafin maciji, kuma wa zai kai mutum in abin ya faru da tsakar dare? Ku rubuta amsar da lambar mai motar, ku manna a ƙofar masallaci ko gidan mai unguwa.

Ni dai na yi wa kaina alkawari: duk gonar da na shiga, bayan na duba ganye zan dubi ƙafar mai gonar. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu.