Giyar Motar Hayibrid Ba Ita Ke Da Laifi Ba

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan motocin nan masu haɗa fetur da batir. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 muke sha'awarsu, amma a tasha sai ka ji ana cewa giyarsu ba ta da ƙwari.

Jama'a, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Prius ta Toyota tun 1997 take kan titi. Giyarta ba bel, haƙoran ƙarfe ne da injinan lantarki guda 2, abin da zai cinye kaɗan ne. Tsohuwar Civic hayibrid ta Honda ce ke da bel ɗin ƙarfe, ita ke son lallaɓawa.

Ɓarnar daga hannun mutane take. Bakanike ya ɗura mata man giyar da ya samu, alhali nata daban ne. In ta mutu a hanya, a ja ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa, abin da kamfanin ya hana. Ga ƙurar hunturu na toshe fankar batir, sannan a jibga buhun masara a kan kafar iskarsa, kusa da kujerar baya!

Ina kira ga ƙungiyoyin kanikawa su koya wa yaransu wannan aiki. Mai saye kuma kada ya biya ko kwabo sai an jona mata kwamfuta an duba batir.

Wassalam.

Naka manomi,
Funtuwa, Jihar Katsina.