Kada a auna bajon 'yan Bama a sikelin gwangwan

A Ingila akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara bajon hular matan da suka yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai na rundunar ATS da aka kafa a 1938, wadda Sarauniya Elizabeth ta shiga a 1945 tun tana gimbiya, ta koyi tuƙi da gyaran mota, akwai kuma na matan rundunar sama da ta ruwa. Sukan bi sawun ɗan ƙarfen nan har sai sun gano ko ta wace ce, a ina ta yi aiki.

Mu ma a ƙasar Zazzau muna da namu, sai dai ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Daga ƙauyukan Ikara da Maƙarfi da Kudan samari sun bar gonaki sun tafi Zariya aka koya musu fareti, da Hausa kuwa ake ba su umarni. Bajon da ke jikin jar dararsu hoton bishiyar kwakwa ne, alamar rundunar Afirka ta Yamma. Waɗanda aka kai ƙasar Bama da runduna ta 81 gizo-gizo suke ɗauke da shi a kafaɗa, 'yan runduna ta 82 kuwa māsu biyu ne gicciye a kan gammo, domin da ka suka riƙa dakon kaya a dazukan da mota ba ta shiga. Sunan barikin Chindit na Zariya daga wannan yaƙi ya samo asali.

A nan Taba na san gidan da bajon kakansu da lambobin yabonsa suka shekara da shekaru a cikin adakar matarsa, ƙunshe a tsumma. Ita ta yi zaman jiransa, ita kuma ta adana su bayan rasuwarsa. Da Allah ya yi mata rasuwa aka share ɗakin, mai sayen gwangwan ya haɗa su da tsohon kwano da ƙafar keke ya ɗora a sikeli. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ban ga laifin mai gwangwan ba, sana'arsa yake yi. Jikokin ne ba wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu ko mene ne.

Na ji masu cewa yaƙin Turawa ne, ina ruwanmu. Gaskiya ne ba mu muka tayar da shi ba, wasu samarin ma hakimai ne suka miƙa su ba da son ransu ba. Amma jinin da ya zuba a bakin kogin Kaladan a ƙasar Bama na iyayenmu ne.

Duk gidan da ke da irin wannan kaya, a tambayi tsofaffin mata tun suna raye, su ne suka san labarin. A rubuta sunan mai shi da garinsu, a ɗauki hoto da waya, a ajiye takardar tare da bajon. Wanda ba shi da wurin ajiya ya tuntuɓi Gidan Arewa ko gidan tarihi na Kaduna kafin ya kira mai gwangwan.