Kimiyya a Ƙofar Gida: Yadda Ake Yi wa Zuma Ƙaura Daga Kogon Bishiya



Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wata ɗaliba 'yar aji 2 na babbar sakandare a Sabon Garin Zariya. Ta ce zuma ta kama gida a kogon wata tsohuwar bishiyar mangwaro da ke bayan ajinsu. Ranar Litinin wasu yara suna jifan mangwaro, dutse ya faɗa bakin kogon, zuma ta taso ta harbi ɗalibai da dama har aka tashi darasi. Yanzu an yanke shawarar a zuba fetur a cinna wuta. Tambayarta ita ce: "Malam, shin babu wata hanya sai ƙonawa?"

Akwai hanya, ƙanwata. Ana iya kwashe zumar da ranta a mayar da ita cikin amya, makaranta ta huta da harbi, bishiya ta tsira, a kuma riƙa shan zuma duk shekara.

Mu fara da wutar. Idan aka cinna wa kogo wuta, cikin bishiyar kan yi ta ci a ɓoye bayan kowa ya watse, wata rana ta faɗo a kan aji. Ƙudajen da suka tafi kiwo kuma za su dawo su tarar babu gida, su yi ta shawagi a harabar makaranta. Ga asarar su kansu ƙudajen, domin su ne ke ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan, abin da ke taimaka wa mangwaro da kankana da kabewa su yi 'ya'ya. Malamin addininku zai tabbatar muku cewa sura ta 16 a Alƙur'ani, Suratun Nahl, sunan ƙudan zuma take ɗauke da shi, kuma akwai hadisin da ya hana kashe shi.

To mene ne a cikin kogon? Akwai saƙa a jere, suna rataye daga sama. Wasu na ɗauke da ruwan zuma, wasu garin fure, na tsakiya kuma ƙwai da tsutsotsi, wato 'ya'ya. Akwai ma'aikata dubbai, dukansu mata. Akwai maza kaɗan. Sannan akwai sarauniya guda ɗaya tak, wadda ita ce uwar kowa, kuma a lokacin yalwar fure tana iya yin ƙwai sama da 1,000 a rana. Daga ƙwai zuwa cikakkiyar ma'aikaciya kwana 21 ne, namiji kwana 24, sarauniya kwana 16. Ma'aikaciya kuwa ba ta wuce kamar mako 6 a duniya idan aiki ya yi yawa.

Ku lura da wannan lissafi. Idan ka cika buhu da ma'aikata ka juye su a amya, ba ka yi komai ba, domin cikin 'yan makonni za su ƙare, in ma ba su gudu tun ranar ba. A wurin zuma, gida shi ne inda sarauniya da 'ya'ya suke. Duk inda aka kai waɗannan biyu, sauran za su bi. Dukan aikin ƙaura a kan wannan ya ginu.

Na taɓa ganin aikin da idona a wani gida a Sabon Gari, inda zuma ta shekara biyu a kogon darbejiya. An ɗauko wani dattijo mai kiwon zuma daga wani ƙauye a bayan Samaru. Bai fara komai ba sai da ya sa aka sanar da maƙwabta, aka shigar da yara ɗaki, aka kwance awakin da ke ɗaure aka kai su nesa, domin dabbar da ke ɗaure ba ta da hanyar gudu. Ya jira har la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi. Shi da yaronsa suka sa fararen kaya masu kauri, da raga a fuska, da safar hannu, suka cusa ƙafar wando cikin takalmin roba. Irin zumar da muke da ita a Afirka ta Yamma, wadda masana ke kira Apis mellifera adansonii, ta fi ta Turai saurin fushi, kuma tana bin mutum da nisa.

Daga nan ya hura busasshen kashin shanu da totuwa a gwangwanin hayaƙi, ya busa kaɗan a bakin kogon. Na tambaye shi, "Baba, hayaƙin nan bugar da su yake yi?" Ya yi dariya ya ce, "A'a ɗana, hana su jin kiran juna yake yi." Kimiyya ta yarda da shi. Duk ƙudan da ya yi harbi yana sakin wani wari mai kama da na ayaba, wanda ke kiran 'yan uwansa yaƙi. Hayaƙi yana rufe wannan wari, yana kuma sa su duƙufa shan zuma maimakon faɗa. Amma hayaƙi mai sanyi ake so. Mai zafi ƙona musu fukafukai yake yi.

Ya faɗaɗa bakin kogon da zarto da gizago. Saƙar da ke cike da ruwan zuma ya yanke ta ya sa a bokiti mai murfi, domin tana da nauyi, in ta fashe a cikin amya sai ƙudaje su nutse, tururuwa kuma ta samu hanya. Saƙar 'ya'ya ita ya bi a hankali. Yana yanko ɗaya, sai ya ɗaure ta da zaren auduga a jikin ɗaya daga sandunan da ke jere a saman amyar katako, ya mayar da sandar wurinta. Abu biyu ya kiyaye. Na farko, gefen da ke sama a kogo shi ya bari a sama, domin ramukan saƙa suna ɗan ɗaga baki sama ne. Na biyu, bai bar saƙar ta daɗe a waje ba, domin 'ya'ya na bukatar ɗumi na kusan digiri 35, iska kuma na busar da su.

A saƙa ta huɗu ya ga sarauniya, doguwa, cikinta ya zarce fukafukanta. Ya sa ta a ɗan kejin waya ya rataya a tsakanin saƙar 'ya'ya. Ba a jima ba sai muka ga wasu ma'aikata sun tsaya a ƙofar amya, sun ɗaga ciki sama suna kaɗa fukafukai. Wani ƙamshi suke yaɗawa mai kama da na lemun tsami, wanda ke nuna wa sauran inda gida ya koma. Sai ga su suna shiga a jere kamar ɗalibai an kaɗa ƙararrawa. Da ma ba a ga sarauniyar ba, da sauran dama, muddin akwai sababbin ƙwai a saƙar, domin ma'aikata na iya renon wata sarauniyar daga cikinsu.

Bayan isha'i, da kowa ya shige, ya toshe ƙofar amyar da raga don iska ta shiga, yana haskawa da tocilar da ya lulluɓe da jan ƙyalle, saboda zuma ba ta ganin jan haske sosai. Ya kankare kogon, ya toshe shi da laka. In ba a toshe ba, ƙamshin kaki zai jawo wata zumar ta tare.

A daren aka ɗora amyar a a-kori-kura zuwa gonarsa. Me ya sa ba a ajiye ta a bayan gida ba? Domin ma'aikata sun haddace hanyar tsohon gidansu. In sabon wurin yana kusa, gobe za su fita kiwo su koma bishiyar. Masu kiwon zuma kan ce ko dai a matsa da amya ƙasa da mita 1, ko a kai ta nesa da kusan kilomita 5. Daga Sabon Gari zuwa gonakin bayan Samaru an wuce haka. Bayan kwana biyu ya saki sarauniyar. Ya gaya mini ba kullum ake dacewa ba, domin zumarmu tana da saurin ƙaura in an dame ta. Wannan dai ta zauna.

Amyar da ya yi aiki da ita tana da tarihi. Kakanninmu sun daɗe suna saƙa amya da ciyawa su ɗora a kan ɗorawa ko kuka, amma a irin wannan amya saƙa na manne da jiki, ba a ciro ta sai an ɓata ta. A 1851 wani Ba'amurke mai suna Lorenzo Langstroth ya lura cewa idan tazara ta kai milimita 6 zuwa 9, zuma ba ta cike ta, hanya take mayar da ita. Da wannan ya ƙera amyar da ake zare saƙa a duba a mayar, ya yi mata rajista a 1852. A farkon shekarun 1970 masana daga Jami'ar Guelph ta Kanada suka fito da samfuri mai araha don ƙasar Kenya: akwati mai kama da kwale-kwale, da sanduna a sama, kowace faɗinta kusan milimita 32. Kafinta na iya haɗa ta in an ba shi awo. Ba don waɗannan sanduna ba, da babu inda za a ɗaure saƙar 'ya'ya.

Idan ba a son a taɓa jikin bishiya, akwai wata dabara. Ana toshe duk ƙofofin kogon a bar ɗaya, a sa mata mazurarin raga wanda ake fita ta cikinsa amma ba a gane hanyar komawa. A gefe a ajiye amya mai ɗauke da saƙar 'ya'ya daga wata amyar, waɗanda suka rasa hanya su tare a ciki. Sai dai wannan na cin mako 4 zuwa 6, kuma sau da yawa sarauniya ba ta fitowa. A makaranta, sai dai lokacin dogon hutu.

Yanzu ga naku aikin. An ce shan zuma sai da harbi, amma harbin ɗaruruwan ƙudaje na iya kisa, saboda haka kada ɗalibi ya gwada wannan da kansa. Ku je wurin malamin aikin gona, ku rubuta wa shugaban makaranta takarda cikin ladabi, ku nemi a kewaye bishiyar da igiya, a hana jifa, a kira mai kiwon zuma ya yi aikin a yammacin Juma'a bayan an tashi. Ba ku da nisa da masana: a Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tushenta ya faro tun 1922, ga NAERLS mai wayar da kan manoma, ga Kwalejin Aikin Gona ta Samaru. Malaminku na iya zuwa ya nemi a haɗa shi da wanda ya san aikin.

Kafin nan, idan zuma ta biyo ka, rufe fuska ka ruga cikin ɗaki ka rufe ƙofa. Kada ka tsaya kaɗe-kaɗe, kada ka faɗa ruwa. In ta harbe ka, kankare ƙarin da farce nan take. Wanda fuskarsa ko maƙogwaronsa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, a garzaya da shi asibiti ba tare da jira ba.

Tambayar mako: an kwashe zuma ranar 1 ga wata, aka rasa sarauniya, amma akwai ƙwan da aka yi a ranar. A wace rana ake sa ran sabuwar sarauniya za ta fito? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku. Ke kuma ƙanwata, muna jiran labarin yadda aka ƙare da bishiyar mangwaro.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.